ZARE: Maganin HIV kyauta ne, to wa ke bin sawun mara lafiya a Kaugama?

1/ Jama'a, yau zan yi maganar da ba a son yi a majalisa, kuma ba a son yi a nan. Maganar masu ɗauke da cutar HIV a yankinmu na Kaugama da sauran ƙasar Haɗejiya. Zaren yana da tsawo. Wanda ya zo neman abin dariya ko sunan wani, ya wuce abinsa, babu su a ciki. 🧵

2/ Ga matsayina tun daga farko. Duk wanda aka ɗora a kan maganin HIV, ya kamata a ce akwai nas guda ɗaya da aka rubuta sunanta a fayil ɗinsa, ita ke da alhakin bin lafiyarsa duk inda ta kai shi. Mace ce ko namiji, duk ɗaya. Kuma gwamnatin jiha ce za ta biya albashin, kada a jira wata ƙungiyar waje. Sauran zaren dalilai ne.

3/ Na san abin da za a fara jefo min: "Ai mu Jigawa ba mu da wannan matsalar." E, muna cikin masu sauƙi. Babban binciken NAIIS da aka yi a 2018, aka bayyana sakamakonsa a Maris 2019, ya nuna kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na manya a Najeriya ke ɗauke da cutar. Jigawa da Katsina kashi 0.3, su ne a ƙasa. Akwa Ibom ta haura kashi 5.

4/ Alhamdulillahi. Amma ku yi lissafin da kanku. Kashi 0.3 na nufin mutum uku a cikin dubu. Manya dubu ɗari, mutum ɗari uku ke nan. Kaugama kaɗai ƙidayar 2006 ta ba ta kusan mutum 128,000, kuma ƙananan hukumomi takwas ne a masarautar Haɗejiya. Mutanen nan suna sahun da kake sallah, suna gidan bikin da kika je jiya.

5/ Kuma ƙarancin masu cutar yana da tasa tsadar. Inda suke da yawa akwai wurin karɓar magani a kusa, akwai ƙungiyarsu, ma'aikata sun saba da aikin. Inda suke kaɗan, masu tallafi sukan kai kuɗinsu gaba, ma'aikaci na iya shafe watanni bai ga mai cutar ba, shi kuma mara lafiya yana ganin shi kaɗai ne Allah ya jarraba a garin.

6/ Wasunku har yanzu hoton ƙanjamau na shekarun 1990 ne a kanku: rama, zawo, sai likkafani. An wuce nan. Yau akasari ƙwaya ɗaya ce a rana, ana kiranta TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Kyauta ake ba da ita. Tun 2016 Najeriya ta koma tsarin ɗora kowa a kan magani da zarar gwaji ya nuna, ba a jiran sai ya kwanta.

7/ Wanda ke shan maganin nan kullum har ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa, gwaji ya daina ganinta, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciyar aure. Manyan bincike sun tabbatar da haka, irin su HPTN 052 a 2011 da PARTNER a 2016. Zai yi noma, zai yi aure, zai haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya tsufa kamar kowa.

8/ To idan magani yana aiki haka, kuma ba kuɗi, me ya sa har yau ake rasa mutane? Saboda tsinkewa. Daga ɗakin gwaji zuwa ɗakin magani, daga asibitin ƙauye zuwa babban asibiti, daga wannan wata zuwa na gaba, mutum yana faɗawa rami, kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin leƙawa ya ga ko ya iso.

9/ Bari mu bi misali, kuma misali ne kawai, kada wani ya fara lissafin gidaje. Mu ɗauki mace mai ciki wata huɗu daga wani ƙauye a mazaɓar Marke ko Dakaiyawa. Ta je awo asibitin kusa, an yi mata gwaji kamar kowa, ya nuna tana ɗauke da cutar. An ba ta takarda, an ce ta je babban asibiti.

10/ Daga nan wa ya san ko ta je? Tana buƙatar izinin miji, kuɗin mota ko na babur, da dalilin da za ta faɗa wa uwar miji. Malamar da ta rubuta takardar ta gama nata. Asibitin da aka tura ta ba su san da zuwanta ba, balle su cigiya. Takardar na iya ƙarewa a ƙarƙashin katifa har ta haihu.

11/ Mu ce ta daure ta je, an ɗora ta a kan TLD. A wurin awo kuma an ba ta jan maganin ƙarin jini da ake ba kowace mai ciki. Ƙarfen da ke cikinsa yana kama dolutegravir a ciki ya hana jiki tsotse shi idan aka haɗa su ba abinci. Ko a sha su tare da abinci, ko TLD ya riga da awa biyu, ko ya biyo bayan awa shida.

12/ Wannan bayanin bai kai minti ɗaya ba. Amma wa zai yi mata? Mai awo ba ta san me aka ba ta a ɗakin maganin HIV ba. Mai ba da TLD bai tambayi katin awo ba. Haka ma maganin olsa na ruwa da ake saya a kemis, irin mai ɗauke da magnesium ko aluminium, yana yin wannan ɓarnar. Kowa ya yi aikinsa daidai, ita ce ta yi asara.

13/ Sai tari. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya. Idan an gano tana da shi, za a ba ta magani na wata shida mai ɗauke da rifampicin. Shi kuma rifampicin yana sa hanta ta fitar da dolutegravir da wuri, don haka dole a ƙara mata wata ƙwayar dolutegravir, ta zama sau biyu a rana.

14/ Ɗakin tarin fuka daban, rajistarsa daban, ranar zuwansa daban. Idan babu wanda ya haɗa fayil biyun nan a tebur ɗaya, za ta yi wata shida tana shan maganin HIV da aka rage wa ƙarfi, da ciki a jikinta. Ta bi duk abin da aka ce mata, amma ƙwayar cutar na iya farfaɗowa daidai lokacin da jariri ya fi buƙatar kariya.

15/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi komai ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran da uwa mai HIV ta haifa za su ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. Idan an bi tsari, yana sauka ƙasa da kashi 5. Ku dubi tazarar. Yara ne a cikin tazarar nan.

16/ Tsarin kuwa yana da ranaku. Jariri ya fara shan maganin kariya na ruwa cikin awa 72 da haihuwa. A sati shida a ɗebi jininsa a dunduniya don gwaji na musamman, a fara masa Septrin. Uwa ta ba shi nono zalla wata shida tana shan maganinta. Gwajin ƙarshe a wata 18 ko bayan yaye. Kowace rana a nan wani ne zai tuna da ita.

17/ Yanzu ku ɗora wannan a kan rayuwarmu. Yawancin matan karkara a gida suke haihuwa. Mai haihuwar fari kuma gidan iyayenta take tafiya wankan jego, wani lokaci a wata ƙaramar hukumar, ba ta dawowa sai ta yi arba'in. Sati shidan da ake son gwada jariri ya faɗa daidai ƙarshen arba'in, tana wani gari, a tsakiyar dangi.

18/ Nas ɗin da ta san matar nan za ta tambaye ta tun ciki na wata bakwai: "A ina za ki haihu? A ina za ki yi wanka?" Ta shirya yadda maganin jariri zai isa hannunta kafin naƙuda. Ta haɗa gwajin sati shida da ranar allurar rigakafi, wadda ita ma a sati shida take, don kada a ce "me ya sake kai ta asibiti?"

19/ Abin da nake nufi da nas mai bin sawu ke nan. Ba sabon gini ake buƙata ba, ba sabuwar na'ura ba. Mutum ɗaya ce mai jerin sunayen mutanenta, ta san wa ya kusa ƙarar da magani, wa bai zo ba, wa ke jiran sakamako, wa ke shan maganin wata cutar, kuma tana da katin waya da ikon kiran kowane ɗaki a asibiti.

20/ Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ana yin sa a wata shida da fara magani, a wata 12, daga nan duk shekara. Jinin yakan yi tafiya zuwa babban ɗakin gwaji a wani gari. Sakamako ya dawo, a soke shi a fayil. Idan ya haura 1,000 ana son a nemo mutum a zauna da shi nan da nan. Wa ke buɗe fayil ɗin kafin ranar dawowarsa?

21/ Mu zo kan ruwa, tunda a bakin kogi muke. Duk wanda ke ƙasar Haɗejiya ya san abin da Agusta da Satumba ke yi. Mun gani a 2020, mun gani a 2022: gonaki sun nutse, gidaje sun rushe, hanyoyi sun yanke, wasu garuruwan sai da kwalekwale. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kowace damina ana zaman ɗarɗar. Ambaliya a nan ba baƙuwa ba ce.

22/ Tunda mun san watan da take zuwa, me zai hana a ba mutumin fadama maganin wata shida a Yuni ko Yuli? Tsarin ba da maganin wata uku zuwa shida ga wanda jikinsa ya daidaita yana nan, Najeriya na amfani da shi. Abin da ya rage shi ne wani ya dubi adireshin mutum, ya dubi kalanda, ya haɗa biyun. Aikin nas ne, idan an ba ta lokaci da kaya.

23/ Bayan kaka kuma sai ci-rani. Samarinmu su tafi Kano, Abuja, Legas, Fatakwal, ba sa dawowa sai an ji ƙamshin ruwa. Wanda ya tafi da maganin wata biyu zai yi wata uku ba ya sha. A tsarin PEPFAR, kwana 28 bayan ranar karɓar magani ake lissafa mutum cikin waɗanda suka tsinke. Lissafawa dai an iya. Takardar canjin asibiti kafin tafiya fa?

24/ Kada ku ɗauki tsinkewa wasa. A daina sha, ƙwayar cutar ta dawo cikin 'yan makonni. A riƙa sha ana bari, tana iya koyon bijire wa maganin, sai an koma wani layin mai wuya da tsada. Kuma tenofovir da lamivudine suna danne ciwon hanta nau'in B. Mai ɗauke da cutukan biyu idan ya tsaya kwatsam, hantarsa na iya tashi da ƙarfi.

25/ Har azumi yana cikin lissafi. Mai shan maganinsa da hantsi, watan Ramadan ya zo, bai san yadda zai yi ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya ba tare da ya tona kansa ba. Wasu sai su ajiye. Alhali ƙwaya ɗaya ce, ana iya mayar da ita dare bayan shan ruwa. Nas da ta san mutanenta tun Sha'aban za ta tayar da zancen.

26/ Yanzu ga masu cewa "wannan ai aikin likita ne, nas allura da wankin ciwo ne nata." Malam, likita nawa ka gani a asibitin mazaɓarku? Afirka ta Kudu, ƙasar da ta fi kowa yawan masu cutar, tun 2010 ta ba nas-nas da aka horar damar fara wa mutum magani da ci gaba da duba shi. Da haka suka kai magani ƙananan asibitoci.

27/ Kuma an auna abin. Binciken CIPRA-SA da mujallar Lancet ta buga a 2010 ya nuna kulawar nas ba ta gaza ta likita ba wajen bin masu shan maganin. Binciken STRETCH a lardin Free State, 2012, shi ma ya nuna ana iya miƙa musu aikin lami lafiya. Mu ma a nan, tun 2014 Najeriya ke da manufar rarraba ayyukan lafiya da ta buɗe wannan ƙofa.

28/ Ba wanda ya ce a kori likita. Mara lafiyar da ya zo a galabaice, ko wanda magani ya daina yi wa aiki, ko yaro mai matsala, likita ne zai gani. Amma wa zai gane lokaci ya yi da za a kai shi gaban likitan, ya tabbatar ya je, ya ji abin da aka ce, ya bi shi bayan an sallame shi? Wannan kujerar ce babu kowa a kai.

29/ Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce: "Ina nas ɗin suke?" Wannan kam tambaya ce ta gaskiya. A Fabrairu 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce sama da nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Waɗanda suka rage ma birni suka fi zama. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

30/ Amma ku tuna lissafinmu na farko. Masu cutar a nan ba su da yawa, don haka abin da nake nema yana da iyaka. Nas ɗaya ko biyu a ƙaramar hukuma, da ma'aikatan lafiya na mazaɓu da ke ƙarƙashinsu, za su iya riƙe sunayen. Jiha mai kwalejin jinya a Birnin Kudu da ta kimiyyar lafiya a Jahun ba za ta ce ta rasa waɗanda za ta horar ba.

31/ Kuma wanda ya tsinke ba ya ɓacewa daga asibiti, dawowa yake yi a kan gado: tarin fuka, sanƙarau, zawo mai tsawo, kwana da kwanaki ana ƙarin ruwa. Nas ɗin da aka ce ba ta da lokacin kiran waya na minti uku, ita ce za ta kwana a kansa sati biyu. Lokacin dai za a kashe shi. Zaɓi ne tsakanin kafin ya kwanta da bayan ya kwanta.

32/ Wasu za su ce ai akwai masu bin sawu da ƙungiyoyi ke ɗauka. Akwai, kuma sun yi aiki, Allah ya saka musu. Amma yawancinsu a faɗin ƙasar nan da kuɗin tallafi ake biyansu, musamman PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003 da Asusun Global Fund. A Janairu 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin waje, aka ba da umarnin tsayar da aiki. Kowa ya ga girgizar.

33/ Gwamnatin tarayya ta yi hanzari a Fabrairu 2025 ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, ta kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Madalla. Amma kwalin magani ba ya kiran waya, ba ya hawa babur ya je Yalo. Zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ke riƙe da sunayen marasa lafiyarmu ya zama ma'aikacin jiha, mai albashi da fansho.

34/ Sauran ƙasashe sun yi dabara da ɗan abin da ke hannunsu. A lardin Tete na Mozambik, tun 2008, masu cutar a ƙauyuka suka haɗu rukuni-rukuni na mutum har shida, ɗaya ya je asibiti ya karɓo wa sauran, ana karɓa-karɓa. Kuɗin mota ya ragu, layi ya ragu. Amma tsarin yana tafiya ne idan akwai ma'aikaci a asibiti da ya san kowane rukuni.

35/ Kuma irin wannan ba zai yi aiki a garin da mutum ke tsoron maƙwabcinsa ya sani ba. Nan na zo kanmu, mu masu waya a hannu. Me ya sa mutum zai tsallake asibitin da ke kusa, ya kashe kuɗin mota ya tafi Gumel ko Dutse ko Kano karɓar magani? Yana gudun idon sani. Yana gudun bakina da naka.

36/ Duk ranar da ka saka hoton wani da ya rame ka rubuta "a je a yi gwaji" da alamar dariya, duk ranar da kika tura jita-jitar wata bazawara a guruf ɗin unguwa, akwai mai cutar da ke karantawa shiru. Darasin da ya ɗauka shi ne kada a taɓa ganinsa a layin nan. Sai ya ƙara nisa, nisa ya kawo tsinkewa. Dariyarka ta shiga lissafin.

37/ Masu wa'azin "alhakinsu ne ya kama su" kuma, ku ji tsoron Allah. Jaririn da ya sha a nono wane alhaki ya ɗauka? Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta fa? Wanda aka yi wa ƙarin jini ba a tantance ba? Ko da ma ta hanyar kuskure mutum ya samu, ba kai ne mai hisabi ba. Shansa magani kuma kariya ce ga iyalinsa.

38/ Sau da yawa mace ce ake fara ganowa, saboda ita ke zuwa awo. Sai a ce ita ta kawo, a sake ta da ciki, miji bai gwada ba, abokiyar zama ba ta sani ba. Faɗa wa miji abu ne da ake shiryawa: a gayyato shi, a gwada su tare, a yi bayani a gaban ma'aikaci. Bar wa yarinya 'yar shekara 19 wannan nauyin ita kaɗai zalunci ne.

39/ Gwajin kafin aure ma haka. Kano ta mayar da shi doka a 2024, kuma a garuruwanmu da yawa ana neman takardar kafin ɗaurin aure. Ba na faɗa da gwaji. Tambayata ita ce bayan sakamako sai me? Idan aure ya fasa, gari ya ɗauka, saurayin ya ɓace ba a ɗora shi a kan magani ba, an kare gida ɗaya an saki mutum ɗaya cikin duhu.

40/ Ga 'yan uwana ma'aikatan jinya, Sista da Malam, ban zo yabonku kawai ba. Duk tsarin nan a kan riƙon amana ya tsaya. A ƙaramin gari nas maƙwabciya ce, 'yar uwar wani ce. Magana ɗaya a gidan suna ta isa ta kori mutum goma daga asibiti. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba.

41/ Don haka mara lafiya ne zai zaɓi nas ɗinsa, ya iya canzawa idan akwai sanayya. A yarda tun farko da yadda za a kira shi: wace lamba, wane lokaci, me za a ce idan wani ya ɗaga, tunda mata da yawa wayar miji suke amfani da ita. Kada a zo ƙofar gida da mota mai tambari. Kuma wanda ya tona asiri a hukunta shi a fili.

42/ Abin da nake nema daga Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da JISACA da hukumar lafiya a matakin farko, a rubuce:
Sunan nas a fayil ɗin kowane mai shan magani.
Duk takardar turawa a bi ta da kira cikin sati ɗaya.
Awo, tarin fuka da HIV su zauna kan fayil ɗaya duk wata.
Maganin wata shida ga mutanen fadama kafin Agusta, da 'yan ci-rani kafin tafiya.

43/ A sa kuɗin katin waya da man babur a kasafi, da sunansu, don kada nas ta riƙa cirewa daga albashinta. A zauna da ƙungiyar masu ɗauke da cutar, NEPWHAN, wajen tsara abin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma duk shekara a faɗa mana mutum nawa suka tsinke, nawa aka dawo da su. Adadi kawai, ba suna.

44/ Ku kuma matasa, naku ba wuya. Ku je ku yi gwaji. Ku daina tura hoto da jita-jita. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a yana lissafa ginin asibiti, ku tambaye shi ma'aikaci nawa ke ciki da daddare. Kansilanku da ɗan majalisarku suna nan a kan wannan manhajar, ku jawo su ƙarƙashin zaren nan su amsa.

45/ Idan kuma kai ne ko ke ce ke karanta wannan shiru, kuma an kwana biyu ba a sha magani ba: a koma asibiti gobe. Ba sai an jira ranar kati ba, ba sai an nemi uzuri ba. A nemi sunan ma'aikaci ɗaya da lambarsa kafin a fito. Haƙƙinku ne. Allah ya ba mu lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya.